Tambayoyin Masu Karatu: Yawan Megafiksel da Hoton Dare

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ne a nan cikin Kano, kuma da wannan sana'a nake riƙe da gidana. Kyamarata ta hannu ce, mai megafiksel 18, kuma har yanzu gilashin da ta zo da shi nake aiki da shi, wanda aka rubuta 18-55 a jikinsa. Idan ɗaurin aure ne da hantsi a ƙofar gida, ko yinin biki kafin rana ta yi sanyi, hotunana ba su da makusa. Amma da zarar an shiga ɗakin taro domin dina, ko an zo kai amarya bayan isha'i, sai hoto ya fito da yashi-yashi, fuskoki su dushe, har ɗige-ɗigen ja da kore nake gani a jikin baƙar abaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani abokin ango ya tsaya kusa da ni ya ɗauka da wayarsa mai megafiksel 108, nasa ya fito tas, har dangin amarya suka riƙa neman ya tura musu. Na ɗan tara kuɗi, kuma abokan sana'a sun ce in nemi kyamara mai megafiksel 45 ko fiye. Shin ita ce za ta raba ni da wannan matsala? Daga mai hoto, Gwammaja.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin abin da ke damun hotunanka ƙarancin haske ne, kuma ƙarin megafiksel ba ya ƙara wa kyamara haske ko kaɗan. Zan tsawaita bayani, saboda tambayar taka ta mutane da yawa ce, kuma kowa ya san wahalar da ake sha kafin a tara kuɗin kyamara a wannan zamani.

A bayan gilashin kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan faranti na silikon da ake kira sensa, shi ne ya gaji fim. An rarraba fuskarsa gida-gida, kowane gida sunansa fiksel, aikinsa kuwa ya karɓi hasken da ya faɗo masa ya mayar da shi cajin lantarki, sannan kyamara ta auna cajin ta rubuta shi a matsayin lamba. Fiksel miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. Saboda haka 18 ɗin da ke jikin kyamararka ƙidayar gidaje ce kawai. Ba ta gaya maka faɗin farantin ba, ba ta kuma gaya maka yawan hasken da ya iso shi ba, alhali waɗannan biyun ne suke yanke hukunci idan dare ya yi.

Haske ba ya isowa da tsari. Ƙwaya-ƙwaya yake zuwa, ƙwayoyin da masana kimiyya suke kira foton, kuma ba a san inda ta gaba za ta faɗa ba. Ka ɗauka an jera kwanuka iri ɗaya a tsakar gida. Idan aka tafka ruwan Agusta na awa guda, za ka tarar da su kusan kai ɗaya. Idan kuwa yayyafin minti ɗaya aka yi, wani kwano ɗigo bakwai zai samu, na kusa da shi goma sha biyu, na gaba tara, duk da cewa sama ɗaya ce ta zubo musu. Kuma ko manyan robobi goma sha biyu ka cika tsakar gidan da su, ko ƙananan kofuna ɗari, ruwan da za ka tara gaba ɗaya daidai faɗin tsakar gidan ne. Haka sensa take. Fiksel ɗin da rabonsa foton 10,000 ne yakan saɓa wa maƙwabcinsa da kimanin 100, wato kashi ɗaya cikin ɗari, abin da ido ba zai gani ba. Wanda rabonsa 100 ne saɓaninsa kimanin 10 ne, kashi goma cikin ɗari ke nan. Wanda ya samu 25 kacal, saɓaninsa ya kai ɗaya bisa biyar. Wannan saɓani tsakanin gidajen da ya kamata a ce launinsu ɗaya, shi ne yashin da kake gani. Ɗabi'ar haske ce, babu kamfanin da zai iya cire ta, kuma ƙa'idarta ita ce sai ka ninka haske sau huɗu kafin yashi ya ragu da rabi.

Ɗige-ɗigen ja da kore kuma asalinsu daban ne kaɗan. Fiksel ba ya gane launi da kansa, don haka aka lulluɓe kowanne da matacin launi ɗaya, bisa tsarin da Bryce Bayer na kamfanin Kodak ya yi wa rajista a 1976: rabin gidajen kore, kwata ja, kwata shuɗi. Kyamara ce take lissafa sauran launuka daga maƙwabta. A jikin baƙar abaya, inda hasken da ke dawowa bai taka kara ya karya ba, idan wani jan fiksel ya ɗan samu ƙari a bisa dace, ko na'urar da ke auna cajin ta ɗan yi kuskuren da ba a raba ta da shi, sai wurin ya fito ja. Lambar ISO da kake ɗagawa zuwa 3200 ko 6400 ba ta jawo wani haske daga waje. Abin da aka riga aka tara take ƙara wa ƙarfi, mai kyau da maras kyau tare. Shi ya sa ake ɗora mata laifi, alhali alama ce kawai ta cewa hasken bai wadata ba.

Yanzu mu zo kan wayar abokin ango. Sensar irin kyamararka, wadda ake kira APS-C, faɗinta milimita 22 zuwa 23 da rabi ne, tsayinta kimanin 15, wato murabba'in milimita 330 zuwa 370. Sensar megafiksel 108 da Samsung ya sa a Galaxy S20 Ultra a 2020, wadda tana cikin manya a irinta, milimita 9.6 ce da 7.2, ba ta cika murabba'in milimita 70 ba, kuma waɗanda aka riƙa sa wa wayoyi masu sauƙin kuɗi daga baya sun fi ta ƙanƙanta. Taka ta ninka ta kusan sau biyar. To ta yaya waya ta sha gabanka? Gilashinka ne ya karya ka. Idan ka jawo shi zuwa 55, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce, na wayar kuwa kullum a buɗe yake a f/1.8. Ita wannan lamba, duk sa'ad da ta yi ƙasa ƙofar haske ta fi faɗi, kuma f/1.8 tana shigar da kusan ninki goma na abin da f/5.6 take shigarwa. Fifikon ninki biyar da sensarka take da shi gilashi ya cinye shi har ya bar ka da bashi, ta yadda a cikin lokaci ɗaya wayar ta tara kusan ninki biyu na hasken da ka tara.

Ba nan ta tsaya ba. Ita wannan waya ba ta ba da megafiksel 108 sai an tilasta mata. Fiksel tara-tara take haɗewa su zama ɗaya, ta fitar da hoto mai megafiksel 12. Idan irinta ce a hannun abokin ango, hoton da ya burge dangin amarya bai ma kai naka yawan fiksel ba. Sannan idan ya danna sau ɗaya, wayar hotuna da dama take ɗauka a jere ta ɗora su a kan juna, dabarar da ta yaɗu bayan Google ya fito da tsarinsa na hoton dare a wayoyin Pixel a 2018, Apple kuma ya biyo baya da iPhone 11 a 2019. Haɗa hoto huɗu yana rage yashi da rabi, goma sha shida kuma ya mayar da shi kwata. Abin da ya rage sai manhaja ta shafe shi. A fuskar waya wannan yana da kyan gani, amma ka roƙi hoton ka wanke shi a inci 12 da 18, ka dubi zanen lallen hannun amarya da aikin wuyan babbar rigar ango da duwatsun leshi. Sau da yawa za ka tarar shafewar ta tafi da su tare da yashin.

Abin da nake ganin ya kamata ka fara saya shi ne gilashi mai buɗewar f/1.8, ko mai milimita 50 ko mai 35. Mai 50 yana cikin mafi araha a wurin kusan kowane kamfani, kuma ya dace da hoton amarya da ango su biyu, sai dai a kan sensa irin taka yana matse wuri, dole ka ja da baya sosai. Mai 35 ya fi sakewa a ɗakin taro mai cunkoso da kuma ɗakin amarya. Da wannan canji kaɗai, wurin da kake ɗauka a ISO 6400 zai sauko wajen 640, yashi kuma ya koma kusan ɗaya bisa uku na yadda yake. Ka gwada wannan da abin da abokan sana'arka suka ba ka shawara. Kyamarori masu megafiksel 45 galibi masu cikakkiyar sensa ne, milimita 36 da 24, murabba'in milimita 864, wato ninki biyu da rabi na taka ko kusa da haka. Gaskiya ne za su fi taka tsabtar hoto, amma faɗin farantin da sabuntar ƙirarsa ne suka jawo, ba 45 ɗin ba, kuma ribar ba ta kai wadda gilashin nan zai ba ka ba, ga shi kuɗinta ya ninka nasa sau da yawa. Bayan haka za ka buƙaci manyan katunan mimori da kwamfuta mai ƙarfi, idan kuma kuɗin ya ƙare ka ɗaura mata gilashi mai f/5.6, to ka koma kusa da inda ka baro.

Sai dai f/1.8 tana da sharaɗi, kuma ba zan ɓoye maka shi ba. Idan ƙofa ta buɗe haka, ɗan siririn wuri ne kawai yake fitowa daram. Idan ka jera ƙawayen amarya sahu uku, na gaba za su fito, na baya su yi dishi-dishi. Hoton jama'a yana buƙatar f/4 ko f/5.6, kuma a nan babu makawa sai ka kawo haskenka. Ka nemi filash na ɗaurawa a kai, mai kan da yake juyawa, ka harba shi sama zuwa farin silin ko farin bango domin haske ya dawo a baje, ba ya daki fuska kai tsaye ya sa goshi ƙyalli ba. Ka lura da masu ado, domin idan sun lulluɓe rufin da jan yadi ko ruwan gwal, launin zai sauko a kan fuskokin mutane, a nan gara ka sa farin kati a bayan filash ɗin. Ka kuma tuna cewa idan nisa ya ninku biyu, hasken da ke isa ga mutum kwata ne, saboda haka matsawa taku uku ya fi ɗaga ISO amfani.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Ma'aunin haske na kyamara yana ruɗewa idan ya ga fari da yawa, kuma bikinmu cike yake da farar shadda da fararen kujeru. Sai ya ɗauka wuri ya cika haske ya rage, fatar baƙin mutum kuwa ta faɗa cikin duhu, inda yashi ya fi yawa. Idan ka je kwamfuta ka ɗaga fuskar, yashin kake ɗagowa. Ka ƙara wa ma'aunin biyu bisa uku na mataki ko mataki guda (mataki guda shi ne ninka haske biyu) tun a wurin ɗauka, kana duba kada haske ya yi yawa ya shafe aikin rigar. A tsofaffin kyamarori, hoton da aka ɗauka daidai a ISO 3200 ya fi tsabta a kan wanda aka ɗauka da duhu a 800 aka zo ana ɗagawa daga baya. Kada kuma tsoron ISO ya sa ka sassauta saurin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe domin haske ya isa sensa na ɗan lokaci. Mutanen da ke zaune suna buƙatar ɗaya bisa 125 na sakan, masu rawa da masu liƙi ɗaya bisa 250. Waɗanda suke ɗaukar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu sun san wannan, domin hawan yakan kai har rana ta yi ƙasa, doki mai sukuwa kuma ba ya kamuwa a ƙasa da ɗaya bisa 500, dole ISO ta hau, kuma ba a harba wa doki filash a ido. Yashi yana raguwa a wurin gyara, musamman idan ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG da ta riga ta sarrafa ta matse, kuma tun 2023 manhajar gyaran hoto ta Lightroom ta zo da mai cire yashi wanda yake aiki sosai a kan RAW. Hoton da ya yi rawa kuwa da wuya ya gyaru. Ka dai sassauta hannu wajen shafewa, domin iyaye suna so su ga fuskar 'yarsu yadda Allah ya yi ta.

Game da yawan fiksel ɗin kansa, 18 ya ishe ka. Wanke hoto mai inci 8 da 10 a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci megafiksel 7.2 yake ci, mai 5 da 7 bai wuce 3.2 ba, talabijin mai 4K kuma 8.3 yake nunawa. Babban firem na falo da babban hoton ratayewa (banner) daga nesa ake kallonsu, ba sa buƙatar wannan matsi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina koyon hoto a gefe. Na ji ana cewa kyamara mai yawan megafiksel ta fi yashi da dare saboda fiksel ɗinta ƙanana ne, shi ya sa kamfanin Sony ya bar kyamararsa ta A7S a megafiksel 12. Ke nan in guji mai yawa in nemi mai kaɗan? Daga wani ɗalibi, Kabuga.

AMSA: Barka kadai, ƙanena. Maganar tana da tushe, amma an ja ta ta wuce inda ta tsaya. A kan cikakkiyar sensa, fiksel na mai megafiksel 12 faɗinsa kimanin maikuromita 8.4 ne, wato kashi 8.4 cikin dubu na milimita. Na mai 24 kimanin 6. Na mai 61 irin kyamarar Sony A7R IV ta 2019 bai cika 3.8 ba. Babu shakka ƙaramin fiksel yana samun foton kaɗan, kuma idan ka buɗe hotunan biyu a kwamfuta ka jawo kowanne har fiksel ɗinsa ya hau fiksel na sikirin, mai 61 zai fi yashi. Sai dai wannan gwaji ba adalci a cikinsa, domin ka faɗaɗa ɗaya fiye da ninki biyu na ɗayan. Ka wanke su a takarda mai girma ɗaya, ko ka rage mai 61 ya dawo 12, za ka ga tazarar ta kusa ɓacewa, saboda faɗin farantin ɗaya ne, hasken da suka tara gaba ɗaya kuma ɗaya ne.

A da tazarar ta fi haka, kuma da dalili. Wayoyin lantarki na cikin sensa a gaban fiksel suke, suna tare wani kaso na haske, kuma idan gidajen suka ƙanƙance kason da ake asara yana ƙaruwa. An rage wannan da ƙananan gilasai da ake ɗora wa kowane fiksel domin su tattaro masa haske, sannan da ƙirar da ta mayar da wayoyin baya, wadda ta iso cikakkiyar sensa a A7R II a 2015. Abin da ya rage shi ne kuskuren aunawa, wanda kowane fiksel yake da nasa, kuma gidaje miliyan 61 sun fi miliyan 12 tara shi. Ba ya bayyana sai a matsanancin duhu, inda ISO ta haura dubun-dubatai. Dalili mafi ƙarfi na barin jerin A7S a 12, tun ta farko a 2014 har ta uku a 2020, bidiyo ne: 4K megafiksel 8.3 ne kacal, kuma sensa mai gidaje kaɗan ta fi saurin karantuwa, abin da ke rage karkacewar hoto idan kyamara ta juya da sauri.

Ɗokin ƙirga fiksel ma yana da tarihi. Kyamarar da Steven Sasson ya haɗa a Kodak a 1975 fiksel 10,000 gare ta, kuma a ƙarshen shekarun 1990 masu megafiksel ɗaya ko biyu ne a hannun jama'a, lokacin da kowane ƙari ana ganinsa ƙuru-ƙuru a takarda. Wannan ƙishi ya daɗe da gushewa, lambar ce ta zauna a jikin kwali saboda tana sayar da kaya. Ka sani kuma ninka megafiksel biyu ba ya ninka kaifin hoto biyu, kashi 41 cikin ɗari yake ƙarawa a faɗi, shi ma idan gilashin yana da kaifin da zai kai. Ga mai koyo, kyamara mai 20 zuwa 26 da gilashi mai buɗewa sosai ta ishe shi shekaru. Idan birni kake son ɗauka da dare daga kan Dutsen Dala, ba ka ma buƙatar gilashi mai buɗewa sosai: ka kafa kyamara a kan ƙafa-uku, ka bar ISO a 100, ka buɗe shota sakan 10 ko 20, lokaci zai tara maka hasken da gilashi bai tara ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida, ina tallata su a WhatsApp da Instagram. Sai dare nake samun sukunin ɗaukar kaya, bayan yara sun kwanta. Wayata tana da wurin da ake kunna megafiksel 50, amma idan na kunna sai hoton ya fi muni, kuma launi yana canzawa, har wata ta dawo mini da atamfa ta ce ba ita ta gani ba. Daga wata 'yar kasuwa, Hotoro.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya kawo kasuwa. Ki kashe 50 ɗin nan da dare. Yawancin wayoyi masu megafiksel 50 an ƙera su ne su haɗe fiksel huɗu-huɗu su ba da hoto mai 12 da rabi, kuma a wannan tsari ne wayar take yin dabarunta na haɗa hotuna da rage yashi. Idan kika tilasta mata 50, kowane gida shi kaɗai zai tsaya da ɗan hasken da ya samu, a wayoyi da yawa kuma wasu dabarun sukan tsaya. Wannan maɓalli na rana ne, a waje, kan abin da ba ya motsi. Ga shi kuma Instagram yakan rage hoto zuwa faɗin fiksel 1080, WhatsApp ma yana matse shi sai in kin tura shi a matsayin fayil, don haka mafi yawan miliyoyin nan ba sa isa wurin mai saye.

Maganar launi ta fi muhimmanci, domin ta shafi amana tsakaninki da masu sayenki. Ƙwan fitila mai ja-ja shuɗin da ke cikinsa kaɗan ne, sai wayar ta ƙara wa shuɗayen fiksel ƙarfi domin ta daidaita, a nan yashin launi yake ƙaruwa, shuɗi mai duhu ya koma baƙi, ruwan hoda ya karkata zuwa ruwan goro. Idan kuma akwai ƙwai iri biyu a ɗakin, fari da mai ja-ja, babu yadda wayar za ta gamsar da su duka. Mafi kyau shi ne ki ware rabin awa da hantsi, ki shimfiɗa kayan a inuwar baranda ko kusa da taga, inda rana ba ta dukansu kai tsaye. Idan dare ya zama dole, ki yi amfani da fararen fitilu biyu iri ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kusa da kayan, ki kashe sauran. Ki jingina wayar da wani abu ki sa mata ƙidayar sakan uku domin kada hannu ya girgiza ta, ki goge gilashinta da tsumma mai laushi, ki yi amfani da babbar kyamarar ba tare da jawowa da yatsa ba, domin sauran kyamarorin bayan waya sensarsu ta fi ƙanƙanta. Ki ajiye farar takarda a gefen atamfar. Idan takardar ta fito fara a hoton, launin kayan ma ya kusa daidai, idan ta fito rawaya ki san akwai gyara kafin ki tura.

TAMBAYA: Malam, ni bidiyo da hoto nake haɗawa. Abu uku nake gani da ban san ko duk yashi ba ne: fararen ƙawanya idan na yi filash a waje da hunturu, wani baƙin tabo da ke fitowa wuri ɗaya a sararin sama, da layuka masu tafiya a bidiyo idan an tayar da janareta. Daga mai ɗaukar bidiyo, Titin Gidan Zoo.

AMSA: Malam, babu yashi ko ɗaya a cikin ukun. Fararen ƙawanyar ƙurar hunturu ce da ke shawagi dab da gilashi, filash ya haska ta. Ka raba filash ɗin da kyamara, ka riƙe shi gefe ko ka ɗora shi a sanda, za su ragu ƙwarai. Tabon da ba ya sauya wuri ƙura ce ta zauna a kan sensa, kuma ta fi fitowa a f/11 ko f/16. Ka hure ta da abin hura iska na roba, bakin kyamara yana kallon ƙasa, kada ka sa baki ko tsumma, kuma ka daina canza gilashi a fili idan hazo ya sauka.

Layukan kuwa daga fitilu suke. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a sakan, fitilu da yawa kuma suna ƙiftawa sau 100, abin da ido ba ya kamawa amma sensa tana kamawa, tunda layi-layi take karanta hoto daga sama zuwa ƙasa. Ka sa bidiyonka a firem 25 ko 50 a sakan, shota kuma a ɗaya bisa 50 ko ɗaya bisa 100. Janareta ba kullum yake riƙe 50 daidai ba, musamman idan kaya sun yi masa yawa, don haka idan layukan ba su tafi ba ka riƙa matsa saurin shota kaɗan-kaɗan kana kallon sikirin har su tsaya. Abin da zai iya ƙara maka yashi na gaske shi ne zafi, domin cajin da sensa take haifarwa da kanta ba tare da haske ba yana ninkuwa duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri 6 zuwa 8. A hoton biki na ɗaya bisa 125 ba za ka lura ba, amma a doguwar ɗaukar bidiyo da bazara, lokacin da Kano take haura digiri 40, ko a hoton dare na sakan 30, za ka ga jajaye da shuɗayen ɗigo masu haske. Kada ka bar kyamara a cikin mota a rana, ka janye sikirin daga jikinta domin iska ta ratsa, ka kashe ta tsakanin ɗauka da ɗauka, a dogon hoto kuma ka kunna tsarin da ke ɗaukar hoto na biyu da shota a rufe ya cire waɗannan ɗigo, ko da yake zai sa ka jira daidai tsawon lokacin da hoton farko ya ci.